Hilux ko waninta? Fashin baƙi kan zaɓen sabuwar a-kori-kura a Gombe

Mutum ya tara kuɗin sabuwar a-kori-kura. Ya sayi Hilux ko da za ta lashe jarin kaf, ko ya ɗauki ɗaya daga cikin na China ko waɗanda ake haɗawa a nan gida, ya rage canjin da zai juya? Tun da farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo nake jin wannan gardama a Gombe: a rumfunan 'yan hatsi na Tudun Hatsi, a wajen masu noman rani na Dadin Kowa, a bakin 'yan kwangila, har da ƙungiyoyin manoma masu son haɗa kuɗi su mallaki mota ɗaya. Galibi magana biyu ce ke rufe bakin kowa. Wani ya ce, "Alhaji, Hilux ai Hilux ce, kada ka yi wasa da kuɗinka." Wani kuma ya ce, "Suna kawai kuke saye, ƙarfe duk ƙarfe ne."

Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya, ya bar wani. Abin da na fahimta shi ne, amincin mota ba a jikin tambarinta kaɗai yake ba. Yana tsakaninta da garin da za ta zauna: man da za ta sha, hanyar da za ta bi, bakaniken da zai taɓa ta, da nisan shagon da ke da kayanta. Motar da ake yabo a Legas tana iya zama kayan takaici a Nafada.

Mece ce a-kori-kura, kuma me ya raba ta da motar gida?

Manyanmu sun san sunan tun zamanin Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya baza a faɗin ƙasar nan. Su suka yi ta jigilar auduga da gyaɗa da 'yan cin kasuwar ƙauye a tsohuwar Jihar Bauchi, tun kafin a ciri Gombe daga cikinta a 1996. Yau kuwa yawancin mutane Hilux suke ce wa kowace irinta, ko da Ford Ranger ce ko Mitsubishi L200 ko Isuzu D-Max, kamar yadda ake ce wa kowane garin sabulu Omo.

Motar gida ta zamani bodinta da ƙashinta abu ɗaya ne. A-kori-kura kuwa ana fara gina mata ƙarfen gindi mai kama da tsani a kwance, wanda makanikai ke kira cesis, sannan a ɗora injin da gidan direba da akwatin kaya a kai. A baya, mafi yawansu sifirin ne na fallayen ƙarfe da aka jera bisa juna, irin na manyan motoci. Wannan gini shi ke ba ta juriya, shi ne kuma ke sa ta riƙa tsalle da mutum idan babu kaya a bayanta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai mai ƙofa biyu, wadda akwatin kayanta ya haura mita 2 a tsawo, akwai mai ƙofa huɗu mai ɗaukar mutum 5, wadda nata bai wuce kusan mita ɗaya da rabi ba. Akwai mai ja da tayoyin baya kawai, akwai fowil mai ja da duka huɗun. Kowane zaɓi a nan kuɗi ne, kuma da yawa daga masu saye ba sa tsayawa su tambayi kansu wanne aikinsu yake buƙata.

Abin da ya ninka farashin

Ba ƙarfen ne ya canja ba, naira ce ta faɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, a cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Mu ƙaddara mota ce ta dala 40,000. A tsohon farashi naira miliyan 18 da ɗoriya ke nan, a sabon kuwa miliyan 60. Kuɗin fiton kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi, saboda haka shi ma ya bi sahu. Tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa, don haka motar da za ta zo Gombe sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Legas, wannan ma a kan mai saye yake. Ko waɗanda ake haɗawa a gida ba su tsira ba, domin injinsu da giyarsu da yawancin kayansu da kuɗin waje ake sayo su.

A da, wanda ya yi kuskuren zaɓe yakan sayar ya sake wata ba tare da ya girgiza ba. Yanzu kuskure ɗaya yana iya tafiya da ribar noman shekara uku.

Kuɗin saye daban, kuɗin riƙo daban

Araha ba ta ado, haka ne, amma tsada ma ba shaidar riba ba ce. Darajar mota ta gaskiya ita ce abin da ka biya ran saye, a haɗa da duk abin da za ta ci a shekarun da za ka riƙe ta, a cire abin da za ka samu ran da ka sayar. Mai, juye, tayoyi, birki, takardu, inshora, albashin direba, duk suna ciki.

Inshora kaɗai ta isa misali. Daga farkon 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da mafi ƙarancin inshorar da doka ta tilasta naira 15,000 ga motar gida, 20,000 ga motar da mai ita ke ɗaukar kayansa. Wannan dai wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba ta biyan motarka. Cikakkiyar inshora kuwa an ce kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato naira miliyan 3 duk shekara a kan mota ta miliyan 60. Mutanenmu da yawa suna ƙin ta, wasu don kuɗin, wasu don shakkar halaccinta. Ga masu shakka akwai kamfanonin takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci, kamar yadda bankuna irin su Jaiz da TAJ ke sayen mota su sayar wa mutum ta hanyar murabaha. Ni dai ban ga hikimar ɗora jarin gida gaba ɗaya a kan hanyar Gombe zuwa Yola ba tare da wata kariya ba.

Sai kuɗin da ba a rubuta shi a kowane rasit: ranar da mota ta kwana a gareji. Wani ɗan'uwana ya sayi a-kori-kura mai kyan gaske, mai dizal, a hannun wani dillali. Ta yi masa aiki lafiya har kaka ta zo, sai wata 'yar na'ura a jikin injin ta lalace, abin da bai fi tafin hannu ba. Aka nema a Gombe babu, a Kano babu, aka tura Legas, daga can aka ce sai an yi oda daga waje. Mako bakwai tana tsaye a ƙarƙashin darbejiya, shi kuwa yana biyan haya ana kwaso masa masara daga gona. Da na je duba shi, bakaniken da ke kula da ita ya ce mini, "Yallaɓai, motar nan ba ta da laifi, garin ne ba nata ba." Ban taɓa mantawa da wannan magana ba.

A ɓangaren sayarwa ne Hilux ta yi wa saura fintinkau. Ko bayan shekara 8 za ka kai ta wajen dillalai ka samu mai saye a cikin kwanaki, da kuɗi mai kauri. Ga ɗan kasuwa wannan kamar ajiya ce, domin ran da ciniki ya taso yana iya mayar da ita kuɗi. Motar da kasuwa ba ta gama sani ba kuwa sai ka jira, kuma a taya ta da wulaƙanci. Amma wanda ya yi niyyar riƙe mota har ta tsufa a hannunsa, wannan fifiko bai dame shi sosai ba, kuma bai kamata ya biya kuɗinsa a banza ba.

Fetur ko dizal: inda aka fi yin kuskure

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, mutane suka fara kallon dizal, wanda direbobi ke kira gas, da sabon ido. Gaskiya ne injin dizal ya fi tsimin mai, ya kuma fi ƙarfin ja tun daga ƙasa, abin da ake so ga mai kaya a hawan dutse irin na Tula. Amma a yi lissafin a natse.

Mu ƙaddara mai fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, mai dizal lita 9. Wanda ke yin kilomita 30,000 a shekara, kamar zuwa Bauchi da dawowa sau 100 ke nan, zai ƙona lita 3,600 na fetur ko 2,700 na dizal. Bambancin lita 900 ne. Sai dai idan litar dizal ta fi ta fetur tsada da kashi ɗaya cikin uku, wannan riba ta tafi gaba ɗaya, alhali mai dizal ta fi tsada tun a wurin saye. Wanda motarsa ba ta wuce cikin gari da gona ta kusa ba, da wuya ya taɓa mayar da wannan ƙari.

Sannan dizal ɗin yau ba irin na da ba ne. Tsofaffin injina suna haɗiye kusan duk abin da aka zuba musu. Na yanzu suna da turbo, kwamfuta ce ke sarrafa su, kuma suna fesa mai ta nozul masu ƙananan ƙofofi da matsi mai tsananin ƙarfi. Ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya kashe nozul da famfo, gyaran kuma yana iya cinye tsimin man shekara guda ko fiye. Wanda aikinsa ke kai shi lungunan da babu gidan mai, sai 'yan bumburutu da jarkoki, ya yi tunani sau biyu. Idan dole ne, to ya riƙa canja filtar mai kafin lokacinta, kuma kada ya raina fitilar da ke nuna ruwa ya taru a filta.

Mafi hatsari ita ce mai dizal da aka ƙera don kasuwar Turai. Tana zuwa da matatar hayaƙi a salansa, wasu har da tankin wani ruwa na daban da ake kira AdBlue, duk an tsara su ne don dizal mai ƙarancin sinadarin salfa. Najeriya ta daɗe tana shan dizal mai salfa da yawa. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a rage shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, matatar Dangote kuma ta fara fitar da dizal a 2024, abubuwa suna gyaruwa. Duk da haka abin da ke cikin tankin gidan mai a ƙauye ba kullum yake daidai da abin da ke takarda ba. Fetur ma bai kuɓuta ba, kowa ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 mai sinadarin metanol, wanda ya lalata injina da dama.

Wannan ne ya sa Hilux mai injin fetur na lita 2.7 ta samu karɓuwa a ƙasar nan. Babu turbo, sarƙa ce ke daidaita bugun injin ba bel ba, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Laifinta shi ne shan mai, da nauyin jiki idan an yi mata lodi a hawa.

Aminci: hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan Hilux suna da tarihi a hannunsu. Tun 1968 Toyota ke ƙera ta, ta yi aiki a hamada da daji, har yaƙin Chadi da Libiya na 1987 aka yi wa laƙabi da yaƙin Toyota saboda rawar da irin waɗannan motoci suka taka. Kayan gyaranta suna nan a Gombe, in babu a samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, sababbi da na gwanjo. Amma farin jinin nan yana da nasa haraji. Motar da kowa ke so ita ɓarayi ma ke so, don haka na'urar bin sawu ta zama dole. Kuma yawan buƙatar kayanta ya sa jabu ya yi yawa. Filtar jabu a cikin kwali mai tambarin asali ta kashe injina fiye da yadda ake zato, sai a ɗora wa motar laifi.

Masu son na China, irin su JAC da GWM da Changan da Maxus, suna cewa da kuɗi kaɗan kake samun abin da sai a babbar Hilux ake gani: kujerun fata, kyamarar baya, giyar otomatik, wani lokaci har da garanti mai tsawo. Kuma suna da hujja daga tarihinmu. An raina babur ɗin Jincheng da ya shigo, ya zo ya cika Arewa. An raina tifofin Howo, yau su ke kwasar yashi da siminti a ko'ina. Kayan China na yau ba na shekara 20 da suka wuce ba ne, wanda ya ce duk tarkace ne bai duba da kyau ba. Abin da ya rage shi ne lokaci. Babur da tifa sun yi nasara ne bayan kayansu sun cika kasuwa, yaran gareji sun koyi gyaransu. Yawancin waɗannan sababbin a-kori-kura ba su kai wannan matsayi a Arewa maso Gabas ba tukuna, kayansu a hannun wakilin kamfani kaɗai suke.

Sai na gida. Innoson na Nnewi ya fara fitar da motoci a 2010, Nord na haɗawa a Legas, kamfanin Dangote da Peugeot kuma ya fara aiki a Kaduna a 2022, yana haɗa Landtrek. Ita Landtrek ɗin da haɗin gwiwar Changan na China aka tsara ta, abin da ke nuna cewa raba motoci da sunan ƙasa ya fara zama tsohon yayi. Gwamnatin tarayya ta ba da umarni a 2017 cewa hukumominta su fifita kayan gida, ta sake jaddada haka a 2025. Ina son wannan ya yi nasara, domin mu a wannan yanki mun ga yadda masana'antar Steyr ta Bauchi, mai haɗa manyan motoci da taraktoci tun ƙarshen shekarun 1970, ta durƙushe, da ayyukan yi da suka tafi da ita. Amma kishin ƙasa ba zai kawo wa manomin Kumo famfon ruwa ranar Talata ba. Tambayar da za a yi wa na gida ita ce wadda za a yi wa na waje: ina garejinku mafi kusa, kuma me kuke da shi a ajiye?

Garanti ma a karanta shi da kyau. Galibi shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa, wasu suna ba da 5. Sharaɗinsa shi ne a riƙa yin sabis a garejin da kamfani ya amince da shi. Idan wannan gareji yana Abuja ko Kano, to kowane juye ya zama tafiyar kwana biyu da tankin mai. Da yawa sukan gaji su koma wajen bakanikensu na unguwa, garantin ya mutu ba su sani ba.

Lodi: tan ɗaya ne, har da mutanen ciki

Wannan ne abin da ya fi damuna, domin a nan muke kashe motocinmu da hannunmu. Matsakaiciyar a-kori-kura kusan tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka, wato kilo 1,000, wasu ƙasa da haka. Kuma wannan adadi ya haɗa da direba da fasinjoji. Idan maza 5 suka shiga mai ƙofa huɗu, kowanne kilo 70, kilo 350 ya tafi. Saura 650: buhun masara 6 mai kilo 100, ko buhun taki ko simintin Ashaka 13. Na sha ganin an jibga buhu 20 na hatsi, an ɗaure da igiya, yara sun hau sama.

Mai ita zai ce ai tana ja. Tana ja, amma tsayawa fa? Birki bai ƙaru ba, tayoyi suna zafi, kuloci yana ƙonewa. A mai ƙofa huɗu yawancin kayan bayan tayoyin baya suke zama, sai gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana, cesis ɗin kuma yana iya lanƙwasawa a tsakanin gidan direba da akwati. Ƙarin fallen sifirin da ake yi a gareji yana ɗaga bayan motar ne kawai, bai ƙara wa birki ko gatari komai ba. Wanda aikinsa na kullum tan 2 ko 3 ne, ƙaramar babbar mota irin Mitsubishi Canter, wadda ake kira Kanta, yake buƙata. Wanda kuma kaya ne sana'arsa ba ɗaukar baƙi ba, mai ƙofa biyu ta fi masa, ta fi araha, ta fi faɗin baya. Girman kai ne kawai ke sa a guje ta.

Fowil kuwa, mai shiga rairayin Dukku da Nafada, ko lakar Balanga da Shongom da damina, yana buƙatarta. Mai bin kwalta daga Gombe zuwa Bajoga ko Billiri ba ya buƙata, ƙarin kuɗi ne da ƙarin shan mai. A yawancin waɗannan motoci ba a sa fowil a kan busasshiyar kwalta, yana lalata giya. Kuma ko da kamfani ya ce motar tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, ruwa mai tsaye yake nufi. Kwarin da ya ciko yana gudu bayan ruwan sama ba a gwada shi da kowace irin mota.

Jin daɗi ba almubazzaranci ba ne

Akwai masu ganin na'urar sanyi da kujera mai kyau a motar aiki ƙawa ce. A garin da zafi ke kai maki 40 a Maris da Afrilu, direban da ya yi awa biyar a cikin tanda yana shaƙar ƙura, hankalinsa ba ya tare da hanya. Abin baƙin ciki, maigida yakan zaɓi mafi ƙanƙantar samfuri idan ya san direba ne zai riƙa tuƙawa, ya manta cewa dukiyarsa da rayukan mutane a hannun wannan gajiyayyen bawan Allah suke.

Jin daɗin da ya cancanci kuɗi shi ne esi mai ƙarfi, ƙofofi masu hana ƙurar hunturu shiga, kujerar da ba ta karya ƙugu, da fitilu masu haske. Wanda iyalinsa za su riƙa shiga, ya zauna a kujerar baya da kansa, domin a wasu motocin jinginar a miƙe take kamar benci. Giyar otomatik hutu ce a cunkoson cikin gari, ta hannu kuma ta fi sauƙin gyara, ana iya tura ta idan batir ya mutu. Abin da ban ga amfaninsa a hanyoyinmu ba shi ne manyan ƙafafu masu siririyar taya. Suna da kyan gani a gaban shago, rami ɗaya ya isa ya fasa su.

Kariyar rai ma a nan take. A 2018 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin karo ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya. A 2020 Great Wall Steed 5 ma haka. Darasin shi ne, kauri da tsayin mota ba su ne kariya ba, kuma suna ɗaya yana iya zuwa da kayan kariya daban a kasuwa daban. A tambayi jakar iska nawa ce, akwai birkin ABS mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, akwai na'urar hana mota zamewa a kwana? Ita ta ƙarshen tana da muhimmanci ga mota mai tsayi wadda bayanta ba nauyi. Mutanen da ake ɗauka a buɗaɗɗen baya kuwa, 'yan biki ko 'yan ƙwadagon gona, babu abin da ke kare su ko kaɗan.

Shin sabuwar sabuwa ce?

Ba a cinikin biri a sama. Akwai sana'a guda yanzu ta ɗaukar tsohuwar Hilux a canja mata fuska da fitilu da kujeru, a mayar da lambar kilomita baya, ta fito kamar ta bana. Idan an faɗa wa mai saye gaskiya babu laifi, matsalar ita ce ba kullum ake faɗa ba. Lambar cesis mai harufa da alƙaluma 17 ita ce shaida, a tabbatar ta jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda, a kuma tantance takardar kwastan kafin a biya. A jikin kowace taya akwai alƙaluma 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Motar da aka ce ta bana ce amma tayoyinta sun shekara 4, akwai bayanin da ba a yi ba.

A duba sitiyari ma. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Tailan da Afirka ta Kudu, inda ake ƙera yawancin waɗannan motoci, a hagu suke tuƙi, ko da yake masana'antunsu suna fitar da iri biyun. Wadda aka shigo da ita da sitiyarin dama aka juya shi a gareji, a guje ta komai araharta. 'Yar Dubai kuwa sabuwa ce da gaske, an kuma tsara ta don zafi da ƙura irin namu, sai dai wakilin kamfani na nan ba lallai ya karɓi garantinta ba. A nemi amsar wannan a rubuce.

Yadda abin ke taɓa wanda ba zai taɓa sayen mota ba

Ƙaramin manomi ba shi da a-kori-kura, amma shi ke biyan kuɗinta. Duk abin da mai mota ya kashe a mai da gyara, a kan kowane buhu yake raba shi ran kasuwa. Motar da ta mutu da kaka tana nufin ƙarancin motoci a hanyar ƙauye, haya ta tashi, tumatir ya ruɓe a bakin gona. Haka motocin da ake saya da kuɗin jama'a don kai allurar rigakafi ko sintirin tsaro: idan an zaɓe su don arahar ranar farko ba a yi tanadin gyara ba, bayan shekara biyu sai ka gan su jere a harabar ofis, tayoyi a sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashi.

Da wata ƙungiyar manoma ta nemi shawarata, na ce kada su fara da shagon mota, su fara da gareji. Su je wajen bakaniken da zai riƙa kula da ita, su ce, "Malam, ka taɓa buɗe injin wannan? Kana da na'urar da ke karanta kwamfutarta?" Sannan su ɗauki abu uku, filtar mai da takalmin birki da gilashin gaba, su tambayi farashin kowanne da kwana nawa zai yi kafin ya iso Gombe, ga kowace motar da suke tunani. Bayan haka su nemi a ba su gwaji da tsakar rana, esi a kunne, buhu biyar a baya, a kan burji ba kwalta ba, kuma direban da zai riƙa tuƙa ta shi zai zauna a sitiyari.